A ɗauki hoton itatuwanmu da shuɗi tun suna tsaye

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridar nan tamu in yi kira ga 'yan'uwana masu sana'ar hoto, musamman matasan Arewa da ke neman na tuwo a unguwannin Agege, Idi-Araba da Mile 12 na Legas.

Tun da waya ta shiga hannun kowa, shagon hoto ya koma na fasfo da na biki. Amma akwai wani salon buga hoto da waya ba ta ƙwace mana ba, wanda ake kira sayanotaif. Hoto ne shuɗi fat da ake bugawa da hannu, ba inji, ba lantarki, rana da ruwa kawai. Baturen Ingila Sir John Herschel ne ya gano shi a 1842, kuma a 1843 wata mata masaniyar tsirrai, Anna Atkins, ta fara fitar da littafin ciyayin teku da wannan hanya. Daga baya injiniyoyi suka daɗe suna kwafar zanen gini da shi.

Sinadari biyu ake buƙata, ferik amoniyam sitiret da fotashiyam ferisayanaid. Kowanne a jiƙa shi daban, a haɗa daidai wa daida, a shafa da buroshi a takarda mai kauri ko farin yadin auduga cikin ɗaki mai duhu-duhu, a bari ya bushe. Ni nakan ɗauki hoton bishiyar da kyamara, in juya fari ya koma baƙi a kwamfuta, in buga a leda mai garai-garai daidai girman da nake so. Sai in ɗora ledar a kan takardar, in danne da gilashi, in fitar rana. Kana tsaye za ka ga ruwan ɗorawa mai ratsin kore yana rikiɗa zuwa toka-toka. Da ka tsoma cikin ruwa, inda rana ba ta taɓa ba ya wanke fari, sauran ya fito shuɗi, washegari kuma ya ƙara turuwa kamar yadin da ya fito daga marinar Ƙofar Mata. A sa safar hannu, a nisanta sinadarin da asid mai ƙarfi, kada kuma sabulu ya taɓa hoton, don yana kashe launin.

Legas tana da nata halin. Da damina takarda ba ta bushewa da wuri saboda laima, hadari kuma ya rufe rana kana tsakiyar aiki. Lokacin rani ya fi.

Abin da ya sa na nace a kan itatuwa shi ne ƙarewa suke yi a gaban idonmu. Duk mai bin hanyar Lekki zuwa Epe ya ga yadda ake cike fadama da yashi ana tayar da gidaje inda dā kurmi ne. Na ɗauki wata bishiyar loko a gefen wani fili, saiwarta ta taso sama da ƙasa har masu acaba suna zama a kai. Yanzu shaguna ne a wurin, hoton kaɗai ya rage. A shuɗin nan kowace tsagar ɓawonta ta fito, har ƙusoshin da masu manna talla suka buga mata. Gandun Lekki mai hekta 78, wanda ƙungiyar kare muhalli ta Nigerian Conservation Foundation ta kafa a 1990, yana nan da ransa, kuma duk mai son koyon ɗaukar daji a Legas can ya kamata ya fara.

A gida ma haka abin yake. Gawo, ɗorawa, kanya da maɗaci suna tafiya a buhunan gawayi. Hoton da ke cikin waya yakan tafi tare da wayar ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta, alhali bugun Anna Atkins har yau ana ganinsa a ɗakunan ajiya.

Don haka, ya Edita, ina roƙon a ware ɗan gurbi a shafin al'adu, ko sau ɗaya a wata, masu karatu su riƙa aiko hoton tsohuwar bishiyar garinsu tare da sunanta da inda take. Malaman kimiyya na sakandare kuma su gwada da ɗalibai. Ko kyamara babu, ganyen kuka ko na tsamiya da aka ɗora a kan takarda ya isa darasin farko.

Naka,
Mai ɗaukar hoto, Agege, Legas