Wasiƙa zuwa ga ɗana mai shirin karatun laifuka da tsaro

Gusau, Jihar Zamfara

Ɗana Mustafa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Saƙonka ya iso, na ga sunanka ya fito a sashen nazarin laifuka da harkokin tsaro. Allah ya sa albarka.

Da kawunka ya ji labari sai ya ce to, mun yi lauya a gida. Na gyara masa zance. Wannan digiri ba ya mai da mutum lauya, mai son tsayawa gaban alƙali da baƙar riga sai ya karanta shari'a, ya wuce makarantar horar da lauyoyi. Kai za a koya maka abin da ke jawo laifi, da yadda ake bincike, da yadda ƙara ke tafiya daga caji ofis zuwa kotu zuwa gidan yari. Masu irin takardarka suna shiga aikin ɗan sanda, ko Sibil Difens, ko hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, ko ta yaƙi da almundahana ta EFCC, ko hukumar gidajen gyaran hali, wasu kuma su koyar. Babu inda ake miƙa wa mutum kaki don ya nuna digiri, sai ya nema kamar kowa.

Za su fara maka da ra'ayoyin masana na Turai da Amurka. Ka karanta, jarrabawa na buƙata. Amma ka san dokar da ke aiki a ƙasar da kake takawa. Mu a Arewa muna da kundin hukunta laifuka na Penal Code, wanda ya fara aiki a 1960, an kuwa tsara shi ne a kan na Sudan, shi kuma na Sudan ya samo asali daga na Indiya. Kudu na da nata kundin daban. Sannan a nan Gusau ne gwamnan wancan lokaci, Ahmad Sani Yariman Bakura, ya ƙaddamar da Shari'a a watan Oktoba na 1999, ta fara aiki a Janairun 2000. Saboda haka ɗan Zamfara na zaune ne tsakanin kotun majistare da kotun Shari'a da babbar kotu, kowace da huruminta. Ɗalibin da bai san wace ƙara ke zuwa wace kotu ba, bai fara karatu ba tukuna.

Abin da na fi so ka zuba wa ido shi ne tsakanin kamu da hukunci, don shekarun da na yi ina riƙe da rajistar kotu sun nuna mini a nan mutane ke ɓacewa. A kawo mutum gaban majistare da tuhumar fashi da makami. Majistare ba shi da hurumin sauraron wannan ƙara, sai ya tura shi ajiya a gidan yari, a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Fayil ya tafi. Ɗan sandan da ya yi binciken a yi masa canjin wurin aiki. Ranar zama ta zo, a ce motar kawo fursunoni ba mai. Ni kuma in ɗauki biro in rubuta an ɗage, in sa wata rana. A bakin ƙofa ga tsohuwa ta taso daga ƙauye tun asuba, da fura a ƙwarya ta kawo wa ɗanta, ta koma ba ta gan shi ba. Wani yakan yi zaman da ya fi hukuncin laifin da ake zarginsa da shi tsawo. Har gobe mafi yawan waɗanda ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu komai ba.

Kuma ba don babu doka ba ne. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, irin a nemi yaro a rasa, a tafi da ubansa. Ta kuma ɗora wa majistare ya riƙa leƙa caji ofis duk wata, ya ga wa ke tsare. A 2017 aka yi dokar hana azabtarwa, a 2019 aka sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, aka buɗe ƙofar hukuncin da ba ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki. Ka haddace waɗannan sassa yadda ka haddace karatun allo. Tun kafin su ma malamanmu sun karantar da mu cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa.

Kada ka ɗauka wannan tausayin ɓarayi ne. Kai ma ka san abin da 'yan bindiga suka yi wa Ɗansadau da Zurmi da Shinkafi da Tsafe, ka san ɗaliban Jangebe da aka kwashe a Fabrairun 2021. A ganina wutar nan ta ci ne tun lokacin da wanda aka sace wa shanu ya kai ƙara bai ga komai ba, manomin da aka cinye wa gona shi ma haka. 'Yan sa-kai suka fara yanke hukunci a kasuwa, waɗanda aka kashe wa dangi suka shiga daji, ramuwa ta bi ramuwa. Idan aka kama wanda ba shi ba, mai laifin na can yana yawonsa. Idan lokacin rubuta kundin kammala digiri ya zo, ka duba nan gida, kada ka kwafo matsalar wata ƙasa daga intanet. Sai dai ban yarda ka shiga daji da sunan bincike ba, sansanonin 'yan gudun hijira da rajistar kotuna sun ishe ka.

Darasin ƙididdiga da na hanyoyin bincike, waɗanda yara ke gudu, ka riƙe su da kyau, su ne za su hana ka maimaita jita-jitar WhatsApp a matsayin ilimi. Ranar da ba ka da lacca, ka je kotu mafi kusa ka zauna a bencin baya, zaman kotu a buɗe yake ga kowa. Ka kashe waya, ka saurara, ka rubuta.

Kuɗin rajista zan turo ƙarshen wata in fansho ya shigo. Ka aiko mini da jerin darussan zangon farko in gani.

Wassalam,
Mahaifinka