Wasiƙa ga Aminina Kan Tsohuwar Motar da Yake Shirin Saye

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso, na kuma ga hotunan motar da kake son saye, tare da bayanin mai ita cewa duk da ta kwana biyu ba ta taɓa ba shi matsala ba, kuma takardar gwajin lafiyarta ta ƙarshe tana nan da ranta. Tunda ka nemi ra'ayina, zan faɗa maka shi dalla-dalla, domin ba na son ka zuba kuɗin da ka daɗe kana tarawa a kan abin da zai riƙa kwana a gareji.

Tsufa kaɗai ba aibi ba ne ga mota. Abin da nake so ka tabbatar shi ne ko labarin da takardu suke bayarwa ya zo daidai da wanda jikin motar yake bayarwa, domin a inda suka saɓa, nan ne asarar take ɓoye. Ka fara da lambar shaidar motar, wadda ake kira VIN. Tun daga 1981 aka daidaita ta a kan haruffa da lambobi 17, kuma ba a sanya I da O da Q a cikinta don kada a rikita su da 1 da 0. Za ka same ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofa, sau da yawa kuma a buge a jikin ƙarfen motar. Ka karanta ta harafi bayan harafi a kowane wuri, ka gwada da ta takarda. Idan ɗaya ta bambanta, ko ka ga alamar an kankare wurin an sake bugawa, ka janye daga cinikin nan take.

Game da takardar gwajin da yake tinƙaho da ita, ya kamata ka san iyakar abin da take nufi. A Ingila, gwajin da suke kira MOT yana hawa kan mota idan ta cika shekara 3, daga nan sai kowace shekara. A Jamus da Japan kuwa, bayan na farko a shekara ta 3, sai duk bayan shekara 2. Irin wannan gwaji yana duba birki da fitilu da tayoyi da sitiyari da hayaƙi da ƙarfin ƙashin mota, wato ko za ta hau titi ba tare da ta zama haɗari ga jama'a ba a ranar da aka duba ta. Na Ingila ma ba ya duba lafiyar injin, ko kuloci, ko akwatin giya, alhali waɗannan ne suka fi cin kuɗi idan sun lalace. Saboda haka takarda guda ba ta ishe ka ba, jerinsu kake buƙata. Idan motar ta taɓa zama a Ingila, gwamnatinsu tana nuna sakamakon gwaje-gwajen tun daga 2005 a intanet kyauta, da lambar rajistarta ta Ingila kawai. Ta Amurka kuwa, kamfanoni irin su Carfax suna sayar da rahoton tarihinta ta hanyar lambar VIN, kodayake abin da aka kai musu rahotonsa kaɗai suke da shi.

Idan jerin ya zo hannunka, ka bi lissafin tafiyar da aka rubuta a kowace shekara. Dole ne ya riƙa hawa. A ce wata shekara an rubuta kilomita 190,000, shekara biyu bayan nan kuma ka ga 140,000, to an mayar da mita baya, sai dai idan akwai rasit na canza ta. Sannan ka karanta gargaɗin da masu gwajin suke rubutawa ko da mota ta ci gwaji, domin ni a wurina ya fi sakamakon kansa daraja. Idan an rubuta cewa tsatsa ta fara cin bututun birki, aka maimaita a shekara ta biyu da ta uku, ka san halin mai motar ke nan: ba ya gyara sai an tilasta masa. Idan gargaɗin ya ɓace, ka nemi rasit ɗin gyaran, ka kuma je ka ga wurin da idonka. Haka za ka bi rasit na juyen baƙin mai, da na bel ɗin taimin idan injin mai bel ne, domin a injuna da yawa idan ya tsinke ana cikin tafiya, fistin yana dukan bawul, injin ya lalace gaba ɗaya.

Ranar da za ka je, ka zaɓi hasken rana, ka kuma roƙi mai ita kada ya tayar da ita kafin ka iso. Ka ɗora hannu a kan injin ka ji ko da sanyinsa, saboda injin da ya yi zafi yana ɓoye ƙara da wahalar tashi. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga fitilun gargaɗi sun kama duka, musamman ta injin da ta jakar iska da ta ABS (na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki), sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, mai yiwuwa an kashe ta ne da gangan. Ka buɗe murfin baƙin mai ka juya shi. Idan ka ga wani kauri mai launin madara ya manne a ciki, yana iya zama raɓa ce ta gajerun tafiye-tafiye, amma idan ya haɗu da raguwar ruwan lagireto da farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya yankewa bayan injin ya ɗumama, to gasket ɗin kan injin ne ake zargi. Shuɗin hayaƙi kuwa yana nuna injin yana ƙona baƙin mai.

Inda na fi so ka ɓata lokaci shi ne ƙarƙashin motar. Injin ana gyara shi, ana ma canza shi, amma ƙashin da tsatsa ta cinye, gyaransa ba ya mayar da ƙarfinsa na asali sai a hannun gwani, kuma ranka ne a kai. Motocin da suka zauna a ƙasashen sanyi, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, su ne suka fi fama da wannan. A ɗora ta a kan rami ko a ɗaga ta, ka shiga da tocila da sukudireba. Jan tsatsa na sama-sama ba abin damuwa ba ne. Wanda za ka ji tsoro shi ne wanda ya kumbura yana ɓarewa falle-falle, musamman a ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi da wuraren da ƙafafun motar suke ɗaure. Ka danna da sukudireba: lafiyayyen ƙarfe yana turjewa, ruɓaɓɓe kuwa yana lotsawa ko ya huje. Idan ka tarar an shafe ƙasan da sabon baƙin fenti mai kauri a tsohuwar mota, ka tambayi abin da aka rufe.

Alamun hatsari suna bayyana a tazarar da ke tsakanin ƙofofi da bonet idan ba ta daidaita ba, da launin fenti da ya saɓa daga wannan sashe zuwa wancan, da feshinsa a kan robar gilashi. Don gane wadda ambaliya ta taɓa cinyewa, ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarafan da kujeru suke gudu a kai, da ramin tayar safaya, ko akwai busasshen laka. Tayoyi ma suna da shekaru: lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2319 yana nufin mako na 23 a 2019. Idan gefe guda ya fi cinyewa, akwai magana a saiti ko a ƙafa.

Ka sa a jona mata na'urar karanta kwamfuta. Motocin kasuwar Amurka suna da soket mai baki 16 da ake jona na'urar a ciki tun daga 1996, masu fetur na Turai kuma daga 2001. Kada ka gamsu don ba a ga lambar matsala ba; ka ce a duba ko gwaje-gwajen da kwamfutar take yi wa kanta sun kammala, domin idan an goge matsalolin kwanan nan, za su nuna ba su kammala ba. Bayan haka ka tuƙa ta da rediyo a kashe har injin ya yi zafi sosai, a hanya mai gargada da kuma inda za ka iya sakin ta, kana sauraron shigar giya, kana lura ko tana ja gefe idan ka taka birki.

Duk wannan ka yi shi tare da makaniken da kai ka zaɓa, kai kuma za ka biya, wanda ba shi da alaƙa da mai motar ko dillali. Idan mai ita ya ƙi a ɗaga ta, ko ya ce sai ka ba da kafin alƙalami kafin a duba, shawarata ita ce ka haƙura da ita komai kyanta a ido. Idan kuma ya yarda, a rubuta duk gyaran da aka gano, ka yi ciniki da takardar a hannunka.

Ka turo mini lambar VIN ɗin da hotunan takardun gwajin duka, har da tsofaffin, in zauna in bi su kafin ka sa ranar zuwa. Ka gaida mini mutanen gida da yara.

Naka har kullum,
Amininka.