Gizon mutanen Sin biri ne

Assalamu alaikum Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya kasuwa? Ka gaishe min da Inna.

Ka tuna tatsuniyoyin Gizo da kakarka ke yi mana a tsakar gida? To, a nan Guangzhou na gamu da nasu Gizon, amma biri ne, Sun Wukong. Yaron mai gidan da nake haya ne ya dame ni da shi, sai da na zauna na saurara.

Wai daga cikin dutse aka haife shi. Yana rikiɗa kala 72, kuma alkafura ɗaya ke kai shi nisan li 108,000 (li ma'aunin nisa ne na mutanen Sin). Sandarsa ta ƙarfe daga fadar sarkin tekun gabas ya ƙwato ta, in ya gama faɗa sai ya mai da ita kamar allura ya soke a kunne. Har lahira ya je ya goge sunansa daga littafin matattu. Labarin yana cikin wani littafi na zamanin daular Ming, wanda aka buga a 1592.

Abin da ya raba shi da namu shi ne, Gizo cikinsa yake wa wayo, shi kuwa wannan girma yake nema. Sarkin sama ya ba shi kula da barga don a samu lafiya. Da ya gane ashe yaron doki aka mai da shi, sai ya yi fushi ya naɗa kansa daidai da sama. Aka ba shi gadin lambun 'ya'yan itacen da ke hana mutuwa. An ba kura ajiyar nama! Ya cinye.

Inda na yi dariya har da hawaye shi ne cacarsa da Buddha, jagoran wani addini da ake bi a nan, wai zai iya tsallake tafin hannun Buddha. Ya yi alkafura, ya ga ginshiƙai biyar, ya ɗauka ƙarshen duniya ne. Ya rubuta sunansa, ya kuma yi fitsari a gindin ɗaya don shaida. Ashe yatsun Buddha ne. Shekara 500 ya yi danne ƙarƙashin dutse, kafin wani malamin addinin Buddha mai tafiya Indiya neman littattafai ya fito da shi. Gizo da tuni ya yi kukan ƙarya an sake shi.

Na saya wa Ummi ɗan mutum-mutuminsa, yana cikin kayan da zan aiko bayan Sallah.

Naka,
Sani