Waƙa mun iya, amma wa zai ba da labarinmu?

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Ina roƙon ɗan fili in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni Bahaushe ne Kirista, haifaffen Wusasa a Zariya, na fi shekara ashirin ina koyar da yara a makarantar Lahadi. Da 'yan'uwana Kiristoci masu jin Hausa nake, amma ba laifi maƙwabtanmu Musulmi su ji, tunda rijiya ɗaya muke sha.

Wata Asabar na tarar da jikata, 'yar shekara 13, ta dunƙule a kan tabarma da wayar uwarta tana kallon fim ɗin Indiya da aka juya Hausa. 'Yan canjin da ta tara take kai wa masu turi su cika mata wayar. Na hau faɗa, na jero mata illar rawa da waƙa da tufafin banza. Ta bari sai da na kai aya, sannan ta ɗago kai ta ce, "To Kaka, wanne zan kalla? Ka taɓa ganin fim ɗin Hausa da yarinyar ciki sunanta Rifkatu, ta tashi da safe ta tafi sujada?" Ka san jika da kaka akwai wasa, amma ran nan ba wasa a fuskarta. Na rasa amsa.

Gaskiya ta faɗa. A finafinan Kannywood da na kalla, in Kirista ya fito, galibi baƙo ne mai gurɓatacciyar Hausa, ko kuwa wanda zai bar addininsa kafin fim ya ƙare. Bahaushen Malumfashi ko na Kafur ko na Maraɗi da aka haifa cikin ikilisiya, mai noman dawa, mai gaisuwar "ina gajiya" kamar kowa, ban taɓa cin karo da shi ba. Ban ɗora wa 'yan fim laifin duka ba, kowa abin da ya sani yake ba da labarinsa. Mu da muka san namu me muka yi? Hani kawai muka iya. Kar a kalli wannan, kar a karanta wancan, sai mu ƙwace abin da ke hannun yaro mu bar shi hannu wofi.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ba haka muka faro ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, kuma Likita Mila, Baturen mishan, da mutanen garinmu suna cikin waɗanda suka sha wahalar fassarar. A zamanin da aka yi gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, wadda daga ita ake ƙirga farkon ƙagaggun labaran Hausa na boko, ɗan Wusasa ne, John Tafida, ya haɗa hannu da Baturen jami'in ilimi Rupert East suka rubuta Jiki Magayi. Har gobe ana karanta shi a makarantu. Ke nan da mu aka aza harsashin ginin, sai muka ajiye alƙalami muka koma gefe muna ƙorafi. Marubutan Kano, mata da maza, suka cika kasuwa da littattafan soyayya tun shekarun 1980, yau kuma sun koma intanet. Shiga kantin littattafan Kirista a Jos ko Kaduna ka nemi ƙagaggen labari da Hausa, za ka sha nema.

Waƙa kam Allah ya ba mu. Wanda ya taɓa jin matan zumunta sun ɗauki waƙa da tulu da caki, ko 'yan Sabon Rai sun fita wa'azi, ya san ba a bar mu a baya ba. Amma waƙa daban, labari daban.

Za a ce ai muna wasan kwaikwayo a coci. Muna yi, ni ma na sha shirya shi, shi ya sa zan faɗi aibinsa. Kowace Kirsimeti abu ɗaya ne. A shafa wa yaro gawayi, a ɗaura masa ƙahon kwali, shi ne Shaiɗan. A samo mashayi yana tangaɗi da kwalba. Mai bi kuwa ya fito a sanƙare, ba ya dariya, ba ya kuskure, bakinsa ayoyi kawai. A ƙarshe mashayi ya faɗi ciwo, fasto ya zo, a tuba, a tafa. Bara na tsaya bakin ƙofa bayan an tashi ina kallon yara suna fita. Tangaɗin mashayin suke kwaikwayo suna ƙyaƙyatawa. Ko ɗaya ban ga ya kwaikwayi mai bin ba, don mashayin ne kaɗai ya yi kama da mutum.

Littafinmu ba haka yake ba da labari ba. Da Dawuda ya ɗauke matar Uriya, annabi Natan bai fara da wa'azi ba. Labarin matalauci da 'yar tunkiyarsa guda ya ba shi, har sarki ya fusata ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa. Yesu ya ba da labarin ɓataccen ɗa, ya tsaya a inda uba ke lallashin babban wa a waje, bai gaya mana ko ya shiga gidan bikin ba. Ya bar mai sauraro da tambayar. Littafin Esta daga farko har ƙarshe bai ambaci sunan Allah ba, amma hannunsa na ko'ina a ciki. Akwai kishi, akwai cin amana, akwai soyayya a fili cikin Waƙar Waƙoƙi. Mu ne muka ɗauka labari ba ya zama na Kirista sai an rufe shi da kiran tuba.

Yarbawa sun riga mu gane wannan. Mike Bamiloye ya kafa ƙungiyar Mount Zion a 1985, suka riƙe fim a matsayin hidima, yau ana kallonsu a gidajen Kiristoci ko'ina a ƙasar nan. Amma da Yarbanci da Turanci suke yi, kuma duniyarsu ba ta ƙauyukanmu ba ce. Tsohuwar da ba ta jin Turanci sai dai ta bi hoto da ido.

Sai barkwanci. Ba na gāba da dariya. Karin Magana 17:22 ta kira zuciya mai murna magani, sunan Ishaku ma daga dariya ya samo asali. Amma a wani bikin aure na coci na ga an ba mai barkwanci makirfo, ya shafe lokaci yana kwaikwayon mai in'ina, jama'a har da dattawa suna riƙe ciki. Saurayin da ke raba mana abinci mai in'ina ne. Na ga ya ajiye faranti a hankali ya fice, bai dawo ba har aka watse. Irin wannan ce ta cika TikTok da Facebook, a yi wa gurgu, a yi wa mai taɓin hankali, a yi wa Hausar wata ƙabila. Afisawa 5:4 ta hana alfasha da zancen wauta, kuma ambaton sunan Yesu a farkon wasa ba ya wanke wulaƙanta ɗan'adam.

Roƙona ga shugabannin ikilisiya, cikin kuɗin da ake kashewa a kan lasifika da janareta a gutsura wa matasa masu rubutu da masu ɗaukar hoto, kuma a bar su su faɗi gaskiya, ko da labarin dattijon coci ne da ya ci amanar marayu. 'Yan matanmu su shiga gasar gajerun labarai ta Hikayata da BBC Hausa ta fara shirya wa mata a 2016, ƙofar ba ta tambayar addini.

Ni dai na ce wa 'yan ajina kowa ya rubuto shafi ɗaya a kan wani abu da ya faru a gidansu, ba wa'azi a ciki. Jikata ta kawo shafi huɗu, a kan yadda kakarta da maƙwabciyarmu Hajiya suke musayar naman Sallah da shinkafar Kirsimeti, da shekarar da aka yi rikici kwanon ya kwana uku bai tsallaka katanga ba. Malam Edita, in na aiko maka da shi, za ka samar masa wuri a jaridarka?

Naka,
Malamin makarantar Lahadi,
Wusasa, Zariya.