Minti Ɗaya a Majalisar Kawu

Jidda,
daren Asabar.

Aminina Bakano,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya iyali? Ina fatan Hajiya ta ji sauƙin ƙafar. Mu nan lafiya lau, sai gumin Jidda, wanda in ka fito daga wanka kafin ka kai bakin mota ka sake yin wani.

Saƙonka na murya ya iso. Ka ce tasharku ta ba ka rabin awa a daren Laraba ka cike da abin dariya, kuma an gaya maka tun wuri babu kuɗin ɗaukar 'yan wasa. Ka ce in kawo shawara tunda ni ne "sarkin jin rediyon Turawa". Da murya zan amsa, sai na tuna halinka: in saƙo ya wuce minti biyu sai ka sa shi a guje kamar mai tsere wa mai bin bashi. Shi ya sa na zauna na rubuta. Yau ma Bazazzagi zai koya wa Bakano sana'arsa, kuma ba yau aka fara ba.

Ka san ba da niyya na faɗa jin waɗannan shirye-shirye ba. Farkon zuwana tashoshin nan nake kamawa a mota, su MBC FM da Mix FM, don kunnena ya saba da Larabcin gari. Masu gabatarwa za su yi ta zolayar juna, in tsinci kusan kowace kalma, amma sai sun gama ƙyaƙyatawa sannan in gane inda abin dariyar yake. Larabcin islamiyya ya kai ni masallaci, ya kai ni kasuwa, bai kai ni nan ba. Wata rana na taso daga dawam, wato wurin aiki, cunkoso ya riƙe ni a titin Madina, sai na lalubo tashar BBC Radio 4 a waya. Suna da al'ada, ƙarfe shida da rabi na yammacin Landan lokacin barkwanci ne, rabin awa cif. A nan yana faɗowa takwas da rabi na dare, in sun juya agogonsu na hunturu kuma tara da rabi. Tun daga ranar na kamu.

Abin nasu kala-kala ne. Akwai na mutum ɗaya, ya tsaya gaban jama'a ya yi ta ba da labarin kansa. A cikinsu na fi son Daliso Chaponda, ɗan Malawi da ya zo na uku a gasar Britain's Got Talent ta 2017, daga baya suka ba shi shirinsa, Citizen of Nowhere. Zancensa na baƙo ne, wanda a inda yake zaune ake tambayarsa yaushe zai koma, in ya je gida kuma a tambaye shi yaushe zai tafi. Ni da nake yawo da iƙama, katin izinin zama na baƙi, a aljihu, ba sai an yi mini fassara ba. Akwai kuma wasan kwaikwayo mai ci gaba, kamar Cabin Pressure da aka yi daga 2008 zuwa 2014, labarin wani kamfanin sufuri mai jirgin sama ƙwaya ɗaya tal da ma'aikata huɗu. Sunan kowane kashi sunan gari ne, a jere bisa haruffa, daga Abu Dhabi har Zurich. Lura da wannan, kai mai kukan kuɗi: a rediyo jirgin sama kyauta ne. Ƙarar inji kawai za a saka, mai sauraro ya ƙera sauran da kansa. Haka marigayi Usman Baba Pategi ya gina mana barikin soja sukutum a kunne da Samanja, da muryarsa da Hausarsa ta bariki, muna zagaye da rediyon babanka a ƙofar gida. Allah ya jiƙansa, a Nuwamban 2023 ya rasu.

Amma ba waɗannan nake so ka ɗauka ba, don duk suna bukatar marubuci, marubuci kuma yana bukatar tuwo. Wanda nake nufi shi ne wasan da ake zaunar da mutum huɗu masu kaifin baki, da alƙali a tsakiya. Uban su duka sunansa Just a Minute, wato minti ɗaya kacal. Tun Disambar 1967 ake yin sa. Nicholas Parsons ya yi alƙalancinsa sama da shekara 50, har ya rasu a Janairun 2020 yana da shekara 96, Sue Perkins ta karɓa a 2021. Dokar ba ta da yawa. A ba ka batu, ka yi magana a kansa daƙiƙa 60, ban da inda-inda, ban da maimaita kalma, ban da sakin layi. In ka karya ɗaya, wani ya danna ƙararrawa ya ƙwace batun da sauran daƙiƙun. Wanda usur ya tarar yana magana shi ke da maki. Wanda ya ƙirƙiro shi, Ian Messiter, daga horon makaranta ya samo shi: malaminsu ya kama shi hankalinsa ya tafi wani wuri, ya ce ya maimaita abin da aka faɗa a minti ɗayan da ya wuce ba tare da ya tsaya ko ya nanata ba.

To, jiya Juma'a na gwada shi da Hausa, kuma dalilin wasiƙar nan ke nan.

Ka tuna Kawun da nake ba ka labari, na Makka, wanda mahaifinsa ya zo a ƙafa ta Chadi da Sudan, ya tsallako teku daga Suwakin? Duk Juma'a bayan lisha akwai majalisa a gidansa, can wajen Shara Mansur. Ana shayi da gahawa, a aiko yaro ya sayo tsire, wanda Larabawan Makka suka karɓe har da sunan, suna ce masa sire. Jiya mu tara ne. Akwai wani dattijo tela ɗan Damagaram, akwai wani Bahaushen Sudan daga Mai Wurno wanda yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rabo da gida, sai samari 'ya'yan Kawu da abokansu, haihuwar nan, waɗanda Hausarsu rabi da rabi ce. Na bayyana dokar, na ɗora wayata a tsakiya don ƙidaya, aka ce cokali a jikin kofin shayi shi ne ƙararrawa. Batun farko: goro. Girma ya sa aka ba Kawu.

Ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya ce, "To jama'a, sannunku, sannunku da zuwa." Ƙwal! Autansa ya buga kofi. Daƙiƙa huɗu. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, gaisuwar ma laifi ce a wasan naku?" Batu ya koma hannun tela. Ya fara da ƙarfinsa: "Shi goro iri-iri ne, akwai fari, akwai ja." Kofi uku suka yi ƙara lokaci guda. Ɗaya ya ce ya maimaita "akwai", biyu suka ce "iri-iri". Nan fa wasa ya tsaya, shari'a ta tashi. Shin iri-iri kalma ɗaya ce ko biyu? In biyu ce, ina za a kai maza-maza, da ciye-ciye, da tafiye-tafiye? Tela ya rantse ba zai sake buɗe baki ba sai an yi masa adalci, don ko daushe da marsa bai kai ba aka tare shi. Wallahi aminina, mun fi minti ashirin a kan wannan, kuma ita gardamar ta fi wasan daɗi. A can ma haka ne, rabin dariyar a musun ƙararrawa take. Abin da na gano shi ne dokar hana maimaici an ɗinka ta ne daidai jikin Turanci. Mu harshenmu da nanatawa yake gaisuwa, da ita yake jam'i, da ita yake lallashi.

Sai Kawu, da yake ransa bai huce ba, ya kawo tasa dokar. Ya ce minti ɗaya da Hausa zalla, duk wanda ya saka Larabci ya faɗi. Samarin yake hari, kuma ya same su. Na farko ya ce "ya'ani" kafin ya rufe daƙiƙa uku. Na biyu ya daure har goma sannan "ɗayyib" ta suɓuce masa. Na uku da ya ga ya rikice sai ya ce "khalas" ya ajiye da kansa. Dattawa har da hawaye. Kawu ya karɓa yana taƙama, ya ce, "A lokacin da muke yara..." Ƙwal! Autan nan ne dai. Ya ce, "Baba, lokaci alwaƙtu ne." Kawu ya ce to, "Labarin da zan ba ku..." Ƙwal! Alkhabar. Ya ce "amma", aka buga. Ya ce a bar shi ya yi magana cikin hankali, aka ce hankali ma daga aƙli yake. Yaran da ake yi wa gorin ba su iya Hausa ba, su ne suka fi kowa jin Larabcin da ya kwanta a cikinta, albasa, aljihu, sabulu, har ranakun mako. Da aka zo kan "lafiya" Kawu ya ce sam, wannan kam Larabawa ne suka ara a wurinmu, kuma duk mai ja ya tashi ya bar masa gida.

Mutumin Mai Wurno ne kaɗai ya cika minti. Garin nasu mutanen da suka biyo Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, kuma a bakinsa akwai wata tsohuwar Hausa da ban taɓa ji ba sai wurin kakata. Aka ba shi "jaki". Ya yi ta tafiya a hankali, ba gaggawa, yana kewaye kowace kalmar aro kamar mai tsallake kwata da fararen kaya. Wayata na yin ƙara ya saki numfashi ya ce "Alhamdu lillahi", aka buga masa kofi shida, ya ce a'a, usur ya riga. Mutumin nan wata da watanni yana zuwa majalisar, bai fi a gaisa ya yi shiru ba. Jiya shi ya riƙe mu har sha biyu yana ba mu labarin Rediyon Omdurman, wadda ke magana tun 1940, yadda gari ke yin tsit in lokacin wasan kwaikwayon la'asar ya yi, da yadda marigayi Fadil Sa'id ke rikiɗa ya zama tsohuwa, Bit Gudaim. Har muryar ya kwaikwaya mana.

Don haka ga abin da nake gani. Kar ka kwafo dokokinsu, ɗauki ƙashin ka sa masa namanmu. Mako guda a hana Turanci, ka ga yadda 'yan bokonku za su ƙare. Wani makon a ce kowace jimla sai da karin magana, wani a ce ban da rantsuwa, wanda na san a Kano babu mai kai daƙiƙa goma. Mutanen kuma kar ka neme su a ofis. Je ka tasha, je ka teburin mai shayi, shiga Kurmi, kuma lallai a sami dattijuwa mai baki a cikinsu, don ita za ta kashe kowa. In da sauran 'yan kama a raye, irin waɗanda ke zama kamar masu tafsiri alhali duk bayanin tuwo da miya ne, nemo ɗaya ko nawa ne kuɗin motarsa. Wannan tsayuwar mutum ɗaya da ake ta yayi yanzu, su sun daɗe da gama ta a bakin kasuwa.

Abu biyu zan roƙe ka. Na farko, ka tara mutane na gaske a ɗakin ɗauka, ko talatin ne. Su can tikitin shiga kyauta suke bayarwa, su ɗauki fiye da abin da za a watsa, sannan a rage. Dariyar gwangwani da ake liƙawa daga kwamfuta, kunne yana gane ta kamar yadda harshe ke gane miyar jiya.

Na biyu ya fi mini nauyi. Samarin Kawu sun san wata irin dariya da ba su so. Sun sha ganin wasannin azumi a tashoshin Larabawa inda wani zai shafa baƙi a fuska ya karya harshe, washegari a kira su da ita a makaranta. Mu ma muna yi, kar mu ɓoye: sau nawa aka sa Bafulatani ko Bagware a wasa don kawai a yi wa Hausarsa dariya, shi kuma ba a ba shi bakin ramawa ba? Akwai wani shiri na BBC ɗin, Mark Steel's in Town, tun 2009. Mutumin zai je ƙaramin gari, ya yi nazarin tarihinsa da abin da ake tsokanar mutanensa da shi, sannan ya tara 'yan garin ya zolaye su ido da ido, su kuma suna mayar masa daga kujerunsu. Da na ji sai na ce ai wannan wasanmu ne, na Fulani da Barebari, na Gobirawa da Yarbawa, na taubasai, na jika da kaka, nawa da kai. Duk wanda za a tsokana a shirinka, a tabbata yana zaune a teburin kuma makirufonsa a kunne yake.

Na san za ka tambayi na siyasa. Suna da shi, The News Quiz, tun 1977 suke yi wa labaran mako shaƙiyanci, firaminista ma bai tsira ba. Wannan kai ka san tasharku da masu ita. Ni baƙo a ƙasar mutane ba ni zan zuga ka ba.

Na ɗauki muryar majalisar jiya da izininsu, zan turo maka ta WhatsApp in na sami intanet mai ƙarfi. Minti arba'in ce, ka ji ta yadda take, kar ka sa ta a guje. In akwai mai zuwa Umara cikin watan nan, a ba shi daddawa da kuka, tamu ta ƙare tun Rajab.

Kawu ya ce in gaishe ka, kuma in faɗa maka duk ranar da Allah ya kawo ka Makka ya ajiye maka batu. Minti ɗaya a kan Zariya, ban da ƙarya, ban da hassada. Na ce masa ya rage zuwa daƙiƙa biyar, kar a kunyata baƙo.

Ka gaida Hajiya da uwargida da yara.

Naka,
Ubangidanka Bazazzagi