Mai zanenku ya leƙo karkara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatanka. Magana ce da ni a kan zanen barkwancin da kuke sawa a shafin baya, ina roƙon ka ba ta fili ko da sai ka rage mata tsawo.

A nan ƙasar Auyo jarida ba ta zuwa sai wani ya shiga Haɗeja ya sayo, kuma labaran da ke ciki rediyo ta riga ta ba mu su. Abin da yake zuwa mana sabo shi ne zanen. Shi ake miƙawa hannu da hannu a majalisa bayan la'asar, don wanda bai taɓa shiga aji ba ma yana iya karanta shi. Ku kuna iya ɗaukarsa cike gurbi, amma ga yawancin mutanen da nake zama da su, shi ne sharhin jaridar gaba ɗaya.

Da daminar bara kun fitar da wani a kan takin gwamnati. Buhu ne ya taso daga birni a cike, an ɗora shi a kan jaki, ga huda a gindinsa. Duk inda jakin ya gifta akwai mai tara ƙwarya: wannan da jar dara, wancan da jakar takardu a hammata, na ƙarshe kuwa hular jam'iyya ce ya tara. Da aka iso ƙauye, manoma goma ne a tsaye a kan mudu guda. Babu kalma ko ɗaya a jikin zanen, ba a kuma kama sunan kowa ba, amma wani dattijonmu ya ɗora yatsa a kan mai jakar nan ya ce, "Wannan na san shi, har ɗaurin auren 'yarsa na je." Ban da dariya, zanen ya nuna hanyar da taki yake bi ya ƙare kafin ya iso gona, abin da ni da na yi aikin malamin gona zan cika shafi biyu ban bayyana shi haka ba. Wannan shi ne aikin zane a ganina.

To amma irinsa sai a jima ba a gani ba. Kusan kowane mako ƙaton mutum ne da tumbi da babbar riga, ya saɓa buhun kuɗi, an rubuta "ɗan siyasa" a ƙirjinsa. Wane ɗan siyasa? Me ya yi a makon nan? Zanen da ya zargi kowa bai taɓa kowa ba, shi kansa mai babbar rigar zai kalla ya yi murmushi ya juya shafi. Ɓarnarsa a kan yaranmu take faɗawa, don yana koya musu cewa duk jirgi ɗaya ya kwaso su, sai ranar zaɓe su karɓi taliya da sabulu ba tare da wata damuwa ba.

Ba sabuwar sana'a ba ce balle a ce ana koyo. Mai zane Akinola Lasekan ya yi ta caccakar Turawan mulki da alƙalaminsa a jaridar West African Pilot, wadda Nnamdi Azikiwe ya kafa a 1937. A 1984, lokacin Doka ta 4 ta gwamnatin soja, wadda ta kai 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor gidan yari, masu zane ba su ajiye alƙalami ba. A yau ma ga Mustapha Bulama, zanensa har wayoyin samarinmu yake isowa, kuma da ka gani ka san a kan wane al'amari yake magana. Na san akwai tsoron ƙara da na rasa tallace-tallacen gwamnati, ban raina wannan ba. Sai dai zanen buhun takin nan bai ba kowa ƙofar kai ƙara ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake zana mu. Manomi a wurin mai zanenku kullum tsumma ne a jikinsa, haƙarƙari a waje, ga ƙoƙon bara. Manomin da na sani a kwarin Haɗeja shinkafa yake nomawa da alkama, yana da injin ban ruwa, yana lissafin litar fetur kamar kowane direba. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Zane nawa kuka yi na layin motoci a Abuja? Ban ga ko ɗaya na injin da aka kashe a bakin fadama, shuka tana bushewa ba. Ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ga tsuntsayen jan baki da suke kwana a cikinta su wayi gari a gonakinmu, ga ambaliyar 2020 da ta 2022 da alkawuran da suka biyo bayansu. Mai zane ba zai rasa abin yi ba har shekara ta zagayo.

Naƙasar mutum, ƙabilarsa ko addininsa kuwa, a bar su. Ba mu manta da rayukan da aka rasa a Maiduguri a 2006 sanadin zanen ɓatancin da aka buga a Denmak ba.

Sai maganar rubutun cikin zanen. Wani lokaci da Turanci kuke barinsa, wani lokaci a fassara shi yadda ba Bahaushen da zai faɗa, sai na tsaya ina yi wa mutane bayani har dariyar ta huce. In zai yiwu a rage rubutun, a kuma ƙara masa girma, don da an ɗauki hotonsa an tura a WhatsApp ba ya karantuwa. Kuma don Allah ka ba mai zanen nan kuɗin mota ya zo kasuwar Gujungu wata Lahadin, ya zauna a rumfar masu hatsi ya kalli mutane da kyau.

Naka,
Tsohon malamin gona,
Auyo, Jihar Jigawa.