Zuwa ga ɗana, kan wayar sigarin lantarki da na gani a teburinsa

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, aiki kuma da sauƙi. Mahaifiyarka na gaishe ka.

Ranar da na zo wurinka na ga wani abu a kan teburinka, ban tanka ba saboda abokanka suna nan. Wata siririyar waya ce a naɗe, babu takarda babu lamba, ga kuma tsohon dutsen guga a gefe an kwance cikinsa. Da ka rako ni bakin ƙofa na tambaye ka, ka ce ai kwayil za ka naɗa wa sigarin lantarkinka da hannunka, wato wayar da ke zafafa ruwan cikinsa ya zama tururi. Na yi shiru na tafi, amma daren nan barcina rabi da rabi ne.

Ka riga ka san ra'ayina. Da so samu ne, da babu abin da zai shiga huhunka sai iska. Na ji daɗi da ka bar taba, sai dai nikotin ɗin da ya ɗaure ka a can shi ne dai a cikin ruwan sigarin lantarkin nan, kuma ina jiran ranar da za ka ajiye shi ma. Amma ka girma, ba zan tsaya a kanka da bulala ba. Abin da zan iya shi ne in gaya maka abin da na sani game da ƙarfe idan ya ji wuta, domin shekara 30 na yi ina gyaran hita da dutsen guga, hannuna duk tabon elemen ne, wato wayar da ke ba su zafi.

Wayar nan ta cikin dutsen guga, ka jefar da ita. Mai yiwuwa ƙarfenta iri ɗaya ne da wanda ake sayarwa don kwayil, amma ba ka da hanyar tabbatarwa, kuma ta shekara tana gasuwa a jikin abin da aka lulluɓe ta da shi. Wasu tsofaffin kayan ma da asbesto, wani zare mai cutar da huhu, aka yi musu rufi. Wayar ɗaurin shinge ta fi wannan muni, domin tutiya aka shafa mata don kada ta yi tsatsa. Duk mai walda ya san abin da farin hayaƙin tutiya ke yi: da yamma sai zazzaɓi da makyarkyata da ɗacin ƙarfe a baki. Ni kaina ya taɓa kwantar da ni kwana biyu, alhali a fili na shaƙe shi. Kai kuwa bakinka za ka kafa a kai ka ja. Jan ƙarfe na wayar wuta kuma kusan ba ya tare lantarki ko kaɗan, in ka naɗa shi batirinka ne zai ɗauki zafin.

Wayoyin da aka san su a wannan harka ba su da yawa, kowace kuma da sunanta a jikin fakiti. Akwai Kanthal A1, wadda kamfanin da aka kafa a Suwidin a 1931 yake yi. Haɗin baƙin ƙarfe ne da kuromiyam da ɗan alminiyam, babu nikel a ciki, tana jure zafi har digiri 1400 a ma'aunin Salshiyas, kuma idan ta yi zafi alminiyam ɗin yana yi mata wata siririyar fata da ke kare ta. In kai ɗan koyo ne, da ita za ka fara, don ita ce mai haƙuri. Akwai nikrom, wadda za ka ga an rubuta Ni80, ma'ana kashi 80 nikel, kashi 20 kuromiyam. Tun 1906 Albert Marsh ya yi rajistarta a Amurka, ita ce ta ba mu hita da abin gasa burodi. Tana saurin ɗaukar zafi, shi ya sa samari ke sonta. Amma ka tuna agogon nan da ya fito maka da ƙuraje a wuyan hannu kana ƙarami, har muka cire shi? Irin wannan ƙaiƙayi sau da yawa nikel ne ke kawo shi. Wanda fatarsa ba ta shiri da nikel bai kamata ya gasa wayar da kusan dukkanta nikel ce ya shaƙa ba. Ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316L shi ma yana da nikel, kashi 10 zuwa 14, don haka ko shi sai ka yi hattara.

Biyu ne suka fi ba ni tsoro, wato tsantsar nikel mai lamba Ni200 da kuma titaniyam. Waɗannan an yi su ne don na'urar da ke auna zafi da kanta. Idan suka ɗumama, yadda suke tare lantarki yana ƙaruwa sosai, na'urar sai ta karanta wannan ta rage wuta kafin zafi ya wuce iyaka. In ka sa su a na'urar da ba ta da wannan tsari, ko ka manta ba ka kunna shi ba, babu mai taka musu birki. Ba a gasa su har su yi ja, ko sau ɗaya. Titaniyam in ya ƙone farin gari yake fitarwa, kuma hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa wannan garin a jerin abubuwan da ake zargin suna jawo daji idan an shaƙe su.

Kada ka ɗauka wayar kirki ta wanke ka tas. A 2018 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins sun karɓi na'urorin mutum 56 da ke amfani da su kullum, suka auna ruwan tun yana kwalba, suka sake aunawa bayan ya shiga tanki ya zama tururi. A cikin tururin sun sami nikel da kuromiyam da manganis, har da dalma a wasu, fiye da abin da ke cikin kwalbar nesa ba kusa ba.  To ina ga wayar da ba ta da suna?

Sai lagwani. Mu da muka tashi da fitilar kwai mun san halinsa: muddin a jiƙe yake, mai ne ke ci, da zarar ya bushe sai shi kansa ya kama. Haka audugar kwayil take. Tana jiƙe, ruwan da ke tafasa yana riƙe zafin a ƙasa. Ta bushe, cikin daƙiƙa guda waya ta zarce, audugar ta babbake, ɗan ruwan da ya saura kuma ya rikiɗe. Gilisarin da ke cikin ruwan idan ya ƙone yana ba da akrolin, mai yaƙushin maƙogwaro, sannan ana samun fomaldihaid, sinadarin nan da ake adana gawa da shi. A 2015 wasu masana a wata jami'a da ke Potland a Amurka sun gwada: da ƙarfin wuta yana bolt 3.3 ba su sami fomaldihaid ba, da suka ɗaga zuwa bolt 5 sai ga shi da yawa. Saboda haka duk lokacin da ka ji ƙauri a baki, ka ajiye. Audugar da ta ƙone ba ta gyaruwa da ƙarin ruwa, cire ta ake yi.

Ka sayi audugar da aka yi don wannan aiki, tsantsa, marar turare. Ta goge fuska wani lokaci akan gauraya ta da zaren roba. In kana shakka, tsinko kaɗan ka riƙe da hantsaki ka kanga mata ashana. Auduga ta gaskiya tana ci da sauri, warinta kamar takarda, tokarta kuma in ka murza sai ta watse. Mai roba za ka ga tana narkewa tana dunƙulewa, ta bar ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Zaren silika da aka yi yayi a da ba ya ƙonewa, amma in ya tsufa yana karyewa ƙanana ƙanana kamar gilashi, ni dai ban yarda da shi kusa da huhu ba. Wajen zura audugar kuma, ta shiga da ɗan tirjiya ba tare da ta ja kwayil ɗin ba. In ta matse, ruwa ba zai bi ta ba, tsakiyar za ta bushe. Ka jiƙa ta sosai, ka ba ta 'yan mintuna kafin ka kunna. Ruwa mai yawan zaƙi yana saurin tara baƙin dauɗa a kan waya, in ka ga haka ka canja, kada ka yi ta gasa wayar har ta yi fari wai kana wanke ta.

Ga lissafin da ba na so ka manta. Batirin 18650, irin wanda ake sa wa waɗannan na'urori, idan ya cika yana da bolt 4.2. Ka raba wannan da om ɗin kwayil, wato ma'aunin yadda yake tare lantarki, abin da ya fito shi ne amfiyan, wato yawan wutar, da kake ja a na'urar da ba ta da kariya a ciki. Kwayil mai om 0.3 zai ja amfiya 14. Mai 0.15 zai ja 28, alhali batura da yawa iyakarsu 20 ne ko ƙasa da haka. Zagaye biyu ko uku na waya ne tsakanin waɗannan biyun. A watan Mayu na 2018 irin wannan na'ura marar kariya ta fashe wa wani mutum a Fulorida, ya rasu nan take. Kada ka taɓa ɗora sabon kwayil a kan batir sai ka auna shi, kuma batirin da rigarsa ta yage ko ƙanƙani ne, ka daina amfani da shi.

Na sa maka tsohuwar mitata ta auna om a cikin saƙon nan, tana aiki lafiya. Kafin ka auna kwayil, haɗa bakin wayoyinta biyu ka ga abin da ta nuna, sai ka debe shi daga lissafi. In ka sayi waya, ɗauko hoton takardar da ke jikinta ka turo mini in gani kafin ka yanka. Mahaifiyarka kuma ta ce ta ji kana tari a waya ranar Lahadi, ka je a duba ƙirjin, ka faɗa wa likita abin da kake shaƙa ba tare da ɓoye komai ba.

Allah ya tsare.

Mahaifinka